Idan Kare Ya Haɗiye Abin Da Bai Kamata Ba

Jawabi a kan lafiyar dabbobin gida, domin masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci.



Maganar yau ta kare ce. Wani zai ce: mi ya kawo kare cikin jarida? Amsar tana wurin makiyayi da ke kwana daji da bisashe. Tana wurin mafarauci, da mai garka wadda ke nesa da gari. Kare ne ke jin motsin dila da na ɓarawo tun mai gida yana barci. Ba ya karɓar albashi. Ɗan tuwon da ya kwana da ruwan sha sun ishe shi. Wanda ya ajiye shi don aiki, ya kamata ya san abin da zai yi ranar da ya shiga wahala.

Kare ba ya tauna abinci kamar akuya. Yagewa yake yi ya haɗiye da sauri, balle in yunwa ta kama shi, ko ya hango wani kare na zuwa. Kwikwiyo kuwa kamar yaro mai rarrafe yake, komi ya gani sai ya kai baki. Shi ya sa kare ke yawan haɗiye abin da ba abinci ba.

ABUBUWA IRI UKU

Na farko, abu mai tsini ko mai kaifi. Akwai ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa, wanda ke tsagewa kamar tsinke. Akwai ƙayar kifi, da allura, da tsinken tsire, da guntun waya. A wuraren kamun kifi, kamar tabkin Madarunfa, da Tabalak, da bakin kogi wajen Yamai, kare na haɗiye ƙugiya tare da abincin da ke jikinta.

Na biyu, abin da ke toshe hanji. Akwai leda, da tsumma, da igiya, da totuwar masara, da ƙwallon mangwaro, da ƙwallon goruba, da dutse.

Na uku, guba. Akwai maganin kusu, da maganin ƙwari na gona, da maganin da ake gauraya ma iri kafin shuka, da ƙwayar da ake sa ma wake cikin buhu. Akwai kananzir, da man mota, da sodar yin sabuni, da tsohon batir, da ƙwayoyin magani na mutane.

Kowane iri da yadda ake yi da shi. Amma akwai magana guda da ta fi su duka nauyi, ita ce za a fara da ita.

KADA A SA HANNU A BAKIN KARE

Ga abin da ke faruwa sau da yawa. Da safe a ga kare zaune, baki buɗe, miyau na dalala. An ba shi ruwa ya kasa haɗiya. Muryarshi ta sake. Sai wani ya ce: ƙashi ne ya laƙe mashi. Sai mai gida ya zura hannu yana lalube. Wani lokaci ma yaro ake kira, wai hannunshi ya fi ƙanƙanta. A laluba, ba a samu komi ba, amma haƙori ya karce hannu.

Wannan babban haɗari ne. Ciwon haukan kare iri biyu ne. Akwai wanda kowa ya sani: kare na gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai kuma na shiru. Shi wannan yana kashe muƙamuƙi da maƙogwaro. Kare ba ya iya rufe baki, ba ya iya haɗiye miyau. Wanda ya gan shi zai rantse ƙashi ne. Alhali ciwon na nan cikin miyan. In ya shiga ciwo ko ƙarzuwa a hannu, ko ya faɗa ido ko baki, mutum na iya kamuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan na kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suke samun shi. Cikin mutum 10 da ya kashe, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ciwon na iya ɓoyewa a jiki wata 2 ko 3, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci fiye. In alamunshi suka fito, ba shi da magani. Amma in aka yi hanzari tun ranar da abin ya faru, allura na hana shi. Tun 1885 wani masani na Faransa, Luwi Pastar, ya fara yi ma mutum wannan allura, kuma ta yi aiki.

Saboda haka, ga doka ta farko. In ba wanda ya ga lokacin da kare ya ɗauki ƙashi da idonshi, kada a ce ƙashi ne. A tsare kare wuri guda ba tare da an taɓa bakinshi ba. A kori yara. A kira ma'aikacin kiwo.

In kare ya riga ya ciji mutum, ko ya karce shi, ko ya lashi ciwonshi, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabuni har minti 15. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko barkono. Kada a ɗaure ciwon tam. A tafi gidan likita a ranar, ko da ciwon ɗan ƙarami ne. Shi kuma kare a tsare shi kwana 10 zuwa 15, yadda ma'aikacin kiwo ya ce, a ga halin da zai shiga. Mutum ba ya jiran kwanakin nan su cika kafin ya je likita.

TAMBAYOYI UKU

In an tabbata wani abu kare ya ci, mai shi ya natsu, ya nemi amsar tambayoyi uku.

Mi ya ci?
Nawa ya ci?
Yaushe ya ci?

A tambayi yara, don su suka fi gani. A yi masu tambaya da lalama. Yaron da ke tsoron duka ba ya faɗin gaskiya. A duba wurin da kare ya kwanta. Yagaggiyar leda, ko takardar magani, ko kwalbar da ta zube, duk shaida ce. A ɗauke sauran abin don kada wani kare, ko kaji, ko yaro su same shi.

IN ABU YA LAƘE A BAKI KO A MAƘOGWARO

Karen da abu ya laƙe ma, yanzu-yanzu yana cin abinci lafiya, sai ya fara kakari. Yana ta shafar baki da ƙafar gaba, yana goga fuska a ƙasa. Sau da yawa guntun ƙashi ko icce ne ya gicciye a saman baki, tsakanin haƙoran sama.

In yana numfashi, ba a gaggawar cirewa. Kare mai jin zafi na cizon ko mai shi. Ma'aikacin kiwo na da allurar da ke kwantar da kare, da abin kamo ƙashi. Ƙugiya kuwa ba a jan ta baya, don tana da ƙaya, sai ta yage nama.

In numfashi ya tsaya, harshe ya fara yin shuɗi, to ba lokacin tafiya. Ƙaramin kare a ɗaga ƙafafunshi na baya, kai ya yi ƙasa, a buga tafin hannu tsakanin kafaɗunshi sau 4 ko 5. Babban kare a tsaya bayanshi, a rungume cikin daidai inda haƙarƙari ya ƙare, a matsa sama da ƙarfi sau 4 ko 5. In abin ya fito, a bar kare ya huta, sannan a kai shi a duba maƙogwaron.

IN ABU YA WUCE CIKI

Abin da kare ya haɗiye yakan fita cikin kashi bayan awa 10 zuwa 24, wani lokaci ya fi haka. In abin ƙarami ne, mai santsi, kuma kare na wasa yana cin abinci, ana iya sa mashi ido. A ɗaure shi a inuwa. A ba shi ruwa da tuwo mai laushi kaɗan-kaɗan. A riƙa tona kashin da icce har kwana 2 ko 3, a ga ko abin ya fito.

Amma ga alamun da ke nuna hanji ya toshe ko ya huje:

Kare na ta amai, ko ruwa ya sha sai ya dawo.
Ya ƙi abinci, ya kwanta ba ƙarfi.
Ciki ya kumbura, in an taɓa sai ya yi kuka.
Yana tsayawa baya a gantsare, ko ya kwantar da ƙirji ya ɗaga gindi.
Yana yunƙurin kashi ba abin da ke fita, ko jini na fita.

In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, jira ya ƙare. Hanjin da ya toshe yana ruɓewa. Ba jiƙo ko saiwar da ke narkar da leda ko ƙwallon goruba. Wani lokaci sai likitan dabbobi ya yi aiki ya ciro abin. Kwana guda na jinkiri na iya zama ajalin kare.

Abu mai tsini ba a jiran alamunshi. A nemi ma'aikacin kiwo tun ranar. Kada a sa kare amai, don abin da ya shiga lafiya na iya yanka maƙogwaro wajen fitowa.

A kula da zare da igiya. In aka ga bakin zare ya leƙo ta baki ko ta dubura, kada a ja. Ɗayan bakin na iya kasancewa a maƙale can ciki. In aka ja, hanji na tattaruwa kamar bakin wando da aka ja mazagi, zaren ya yanka shi.

IN GUBA CE

Maganin ƙwari na gona, da wanda ake kira piya-piya, suna aiki da sauri. Miyau na zuba, hawaye na zuba, ga amai da zawo. Jiki na rawa, baƙin ido ya ƙanƙance, numfashi ya yi wuya. Akwai allurar da ke karya wannan guba, sunanta ataropin, amma sai an yi ta da wuri. In maganin a jiki ya zuba, mutum ya sa leda a hannu, ya wanke kare da ruwa da sabuni, don gubar na shiga ta fata.

Maganin kusu iri-iri ne. Akwai mai hana jini daskarewa. Shi wannan mayaudari ne. Kare ya ci yau, gobe yana nan garau, sai a ce ya tsira. Bayan kwana 3 zuwa 5 sai ƙarfi ya ƙare, dasashi ya yi fari, jini ya fito ta hanci ko cikin kashi. Maganinshi bitamin K1, ana ba da shi makonni. Don haka ko kare na wasa, a kai shi tun ranar farko.

Akwai kuma baƙin gari na kusu, da ƙwayar da ake sa ma wake cikin buhu. Su waɗannan in sun haɗu da ruwan ciki, suna fitar da iska mai guba. Iskar na fitowa tare da amai, tana iya kayar da mutum. Karen da ya ci su a fitar da shi fili inda iska ke kaɗawa. Kada a duƙa kan aman. Kada a rufe shi cikin ɗaki da mutane.

Ƙwayoyin mutane ma guba ne ga kare. Wasu don tausayi suke ba kare ƙwayar ciwon kai ko ta ciwon jiki. Parasitamol na ɓata hanta da jini. Ibuporofen na huda tumbi, yana kashe ƙoda. Kada a ba kare maganin mutum sai da izinin likitan dabbobi.

Wani abincin mutum ma na cutar kare. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa ƙwayoyin jininshi. Bayan ƴan kwanaki ya raunana, fitsari ya yi ja. Masu noman albasa wajen Galmi da Madawa su kula da inda suke zubar da wadda ta lalace. Goro, da cakulan, da ganyen shayi da aka zubar, suna sa zuciyar kare bugawa da sauri, jiki na rawa.

ABIN DA BA A YI

Hausawa na cewa: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kare da yawa ba abin da suka ci ya kashe su ba, taimakon da aka yi masu ne.

Kada a ɗura ma kare ruwan gishiri ko kanwa don ya yi amai. Gishiri mai yawa shi kanshi guba ne, yana kumbura ƙwaƙwalwa.

Kada a ɗura mashi madara, ko nono, ko mai. Maganin ƙwari da yawa na narkewa cikin maiƙo, sai ya fi saurin shiga jini.

Kada a sa shi amai in kananzir ko man mota ya sha. Wajen fitowa yana faɗawa huhu.

Kada a sa shi amai in soda ce ko batir. Ta ƙona wajen shiga, za ta sake ƙonawa wajen fita. A ajiye mashi ruwa mai tsabta ya sha da kanshi.

Kada a zuba komi a bakin karen da ya suma ko yake mimmiƙewa. Shaƙewa zai yi.

Kada a dogara ga gawayin murhu. Gawayin da likita ke ba da wa don tsotse guba, an sarrafa shi dabam.

Inda amai ke da amfani, likitan dabbobi na da allurar sa amai. Ta fi aiki cikin awa 2 na farko, kafin abin ya bar tumbi. Shi ya sa ake cewa a yi sauri.

HANYAR ZUWA WURIN MA'AIKACIN KIWO

Ƙauyuka da yawa na nesa da ma'aikatar kiwo. Amma yau kusan kowane gari akwai mai salula. Ya kamata a nemi lambar ma'aikacin kiwo na yanki tun ba abin da ya faru. A rubuta ta a littafin cibiya, a ba mai gari. In abu ya faru a kira, a faɗi amsar tambayoyin nan uku, a bi abin da ya ce.

In za a ɗauki kare, a shimfiɗa buhu a amalanke, a yi mashi inuwa. In yana neman cizo, a ɗaure baki da tsumma mai laushi. Amma karen da ke amai ko yake numfashi da ƙyar ba a ɗaure mashi baki. A tafi da kwalbar ko takardar abin da ya ci, a ƙulle cikin leda.

Nan ne karatu ke nuna amfaninshi. Wanda ya iya karatu zai karanta sunan maganin ya faɗa ta salula. Zai rubuta lokacin da kare ya ci da lokacin da ya fara amai. Zai kuma gane alamar da ke ƙasan takardar maganin gona. Jan layi, guba ce mai tsanani ƙwarai. Rawaya na bi mata, sannan shuɗi, sannan kore. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu na nufin abin na kisa.

Aman kare da kashinshi a haƙa rami a rufe. In Allah ya yi kare ya mutu, a binne shi cikin rami mai zurfi, nesa da rijiya da tabki. In aka jefar da shi bayan gari, ungulu da sauran karnuka za su ci, gubar ta bi su.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

An ce in ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Mai hankali tun lokacin yake ɗauke takalminshi.

A ciyar da kare. Kare mai yunwa ne ke tonon juji.

Ƙashin kaza da ƙayar kifi a rufe su cikin rami, kada a jefa mashi.

Maganin gona da na kusu a rataye su sama, cikin abin da aka sayo su, a ɗakin da ke da ƙofa. Kada a juye su cikin kwalbar lemo ko gwangwanin tumatir. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma ta ruwa.

Farkon damina, irin da aka gauraya da magani a rufe shi. Kwanon da aka gauraya a ciki ba ya komawa madafa.

Kusun da ya mutu da magani a binne shi tun da safe.

A tsince leda a tsakar gida da bakin kasuwa. Ba kare kaɗai take kashewa ba. Mahauta sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbin tumaki da shanu. A 2014 aka kafa doka a Nijar ta hana shigowa da leda marar kauri da sayar da ita. Tsintar wadda ta riga ta watsu kuwa aikin kowane gida ne.

A kai kare a yi mashi allurar rigakafin hauka tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda ma'aikacin kiwo ya tsara. A adana takardar. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya.

Magana ta ƙarshe. Inda bakin kare ya kai, hannun yaro mai rarrafe na kaiwa. Ranar da kare ya ci guba a cikin gida, mai gida ya duba ƴaƴanshi tun kafin ya duba kare. In ana zaton yaro ya taɓa ko ya lasa, a ɗauke shi zuwa gidan likita nan take, tare da kwalbar. Sannan a sake ma gubar wurin ajiya a ranar.

Wanda ya karanta wannan jawabi ya karanta ma maƙwabcinshi, ya faɗa ma makiyaya da mafarauta, ya faɗa ma mata da yara. Allah ya tsare gida da garke, ya ba da lafiya da damina mai albarka.